Zaren da Aka Warware

Na iso Kassala da jaka ɗaya
da makullin ƙofar da ban san ko tana tsaye ba.
Wata uku hannuwana suna zaune a cinya
kamar baƙin da aka manta a zaure.

Ustaz Bashari ne ya ce,
in kin iya jera baƙaƙe, zo ki taya ni.
Babu albashi.
Akwai dai fanka, ranar da wuta ta ga dama.

Ɗakin karatun ƙarami ne, bayan masu sayar da gahawa.
Littattafai na zuwa cikin buhunan sukari,
wasu da sunan mai su a shafin farko,
wasu da busasshen ganyen darbejiya a tsaka,
inda wani ya tsaya, ya ce zai dawo.
Gara ta riga ni shiga tarihi,
ta ci sarakuna uku da rabin yaƙi.
Ni da gam da tsumma nake bin sawunta.

Ran Talata, da an sallame la'asar,
sai a tura tebur jikin bango.
Mata su shigo da ulu ɗaure a bakin mayafi.
Awatif ta ɗora jabana, citta ta cika ɗaki.
Inna Gambo, wadda Hausarta ta sha Larabci ta ƙoshi,
ta baje tabarma tana mitar gwiwa.
Sittana kuwa ba ta magana sai lissafi:
ɗaya, biyu, tsallake ɗaya.

Ni bahaguwa ce.
Kwarashi ya ƙi ni, na ƙi shi.
Sittana ta gaji da murɗa mini yatsu,
ta zauna gabana, gwiwa da gwiwa,
ta ce, ɗauke ni madubi.

Hulata ta farko,
Inna Gambo ta juya ta sama, ta juya ta ƙasa,
ta ce, wannan ta jariri ce ko ta tulu?
Warware.
Na ja bakin zare, aikin sati biyu
ya zube a ƙafata ba ko sallama.

A ranar ce Muzammil ya shigo,
ɗan shekara tara, ƙafa duk yashin Gash,
ya ajiye littafi kamar mai kawo ƙara.
Shafin ƙarshe babu, in ji shi.
Mutumin nan ya koma gida ko bai koma ba?

Kwarashi shida suka tsaya a iska.

Ya koma, in ji Awatif, har ya tarar da akuyarsa ta haihu.
Inna Gambo ta ce, ina fa,
ya sami inuwa a hanya, ya dasa lemo,
kakana ma haka ya yi, da niyyar Makka ya fito.
Sittana ta ce, ɗaya, biyu,
ta share ido da bayan hannu, ta tsallake ɗaya.

Yaron ya dube ni, ni ce mai riƙon littattafai.
Na ce, zo jibi, zan duba cikin buhu.
Na san babu shi a buhu.

Da magariba Dutsen Taka ya yi ja kamar garwashi.
Na kulle ɗakin da makullin da ke buɗe wani abu.
A gida na ɗauko zaren da na warware,
ya ƙi miƙewa,
duk ya lanƙwashe, yana tuna hular da bai zama ba.
Ban ja shi da ƙarfi ba.
Na soma sarƙa da shi a haka,
siririya, tsawon shafi,
don yaron ya riƙa sa wa a inda ya tsaya.